Kwalbar Allurar Baba a Cikin Ƙanƙara

Duk wanda yake da mai ciwon suga a gida, wanda ake yi wa allurar insulin, ina roƙonsa ya karanta wannan har ƙarshe. In da hali ya karanta wa maƙwabcin da yake ba shi aron firigo, wato firiji. Abin da ya same mu a bazarar da ta wuce kulawa ce ta jawo shi, shi ya sa muka daɗe ba mu gano ba.

Mahaifina Malam Lawali tela ne, shagonsa yana bakin kasuwar Dole a nan Damagaram. Keken ɗinki na ƙafa yake takawa tun kafin a haife ni. Ya ƙi na lantarki, wato na kuran, ya ce ba zai zauna jiran kuran ba alhali Allah ya ba shi ƙafa. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka Uwata yake kirana. Ina shekara ta biyu a jami'a, ina karatun kimiyyar halittu, kuma ni ce babba a gida, saboda haka duk abin da ya shafi takarda da asibiti ni ake turawa.

Baba ya yi shekaru yana shan ƙwayar suga. A farkon bazara ya taka fil a shago, bai ji ba, don tafin ƙafarsa ya daɗe da yin dindiris. Inna ce ta ga ruwa-ruwa a takalminsa. Ko da muka duba, gindin ƙaramin yatsansa na dama ya kumbura, ya yi baki, yana wari kaɗan.

Muka je babban asibiti da sassafe, muka tarar da layi har bakin ƙofa, wasu tun daga Takieta suka kwana a hanya. Sai wajen azahar muka shiga. Lokotoron, wato likitar, mace ce, dattijuwa mai tabarau, ba ta da yawan dariya amma tana sauraro. Ta duba gyambon, ta duba sakamakon jini, ta ce:

"Malam, ƙwaya ta gaji. Za mu koma allura, safe da yamma. In suga bai sauka ba gyambon nan ba zai rufe ba, in kuma bai rufe ba hawa zai yi ta yi."

Majo, wato babban ma'aikacin jinya, ya koya mini yadda ake jan magani da yadda ake huda fatar ciki. Maganin irin mai gurɓi ne, fari kamar madarar da aka sirka. Ya ce in mirgina kwalbar a tafin hannu, kada in girgiza. A farmasi mai sayarwa ya miƙo mini ita ya ce, "A ajiye a sanyi." Ya juya ga na bayana. Iyakar abin da aka gaya mana ke nan game da ajiya.

Ba mu da firigo. Amma bayan katangarmu akwai Ya Falmata, dattijuwa ƴar asalin Barno, mai sayar da ƙanƙara da zoɓo da lemun tsamiya. Tana da babban firigo irin na kwance, wanda muke kira konjilato. Inna ta raka ni muka roƙe ta.

"Har sai kun roƙa?" in ji ta. "Malam Lawali da ya ɗinka kayan auren ƴaƴana duka? Kawo nan, ƴata. Zan ba ta wurin da ko kuran ya kwana biyu bai dawo ba, ba za ta san ana zafi a garin nan ba."

Daga ranar, duk lokacin da na je karɓa, safe da yamma, sai in tarar ta riga ta fito da kwalbar, ta naɗe ta a farin ƙyalle, ta ɗora a kan ƙaramin faranti. Ba ta taɓa sa ni jira ba. Inna kan ce ko ƴar'uwa ta jini iyakarta ke nan.

Makon farko sugan ya ɗan motsa, sannan ya koma inda yake. Baba ya riƙa shan ruwa kamar ba zai ƙoshi ba, fitsari ya hana shi zama, wandunansa suka fara zamewa. Muka koma, lokotoro ta ƙara yawan allurar. Mako na gaba ta sake ƙarawa. Gyambon ya ci gaba da ci, kullum muna hanyar wankin ciwo a adaidaita, Baba ya miƙe ƙafa a kan cinyata, kowane rami ya runtse ido. Ɗinkin Sallah da mutane suka kawo ya taru a shago. Inna ta sayar da tunkiyarta.

Da abin ya ƙi, aka kwantar da shi. A can, da maganin asibiti, suga ya sauko cikin ƴan kwanaki, kuma da allura ƙasa da wadda nake yi masa a gida. Gyambon ya fara yin ja mai kyau a gefe. Aka sallame mu muna murna. Ba mu yi mako a gida ba komai ya dawo.

Lokotoro ta cire tabarau ta dubi Inna.

"Hajiya, me kuke ba shi a gida?"

"Abin da kika ce. Zogale, wake, ɗan tuwo kaɗan."

"To wani yana ba shi wani abu. Magani ɗaya ne, mutum ɗaya ne. Gida ne kawai ya bambanta."

Maganar nan ta shiga gidanmu ta zauna. Inna ta kwashe suga da dabino ta ɓoye. Ta fara sunsuna kofin Baba.

"Malam, ka ji tsoron Allah, wa yake kawo maka shayi?"

"Shayin me, Innar yara? Ni da nake cin ganye kamar akuya?"

Babban amininsa, Alhaji Bala, mutumin Kano ne mai sayar da yadi, kullum bayan la'asar yakan zo dubiya cikin babbar riga. Inna ta fara tare shi a zaure.

"Alhaji, a yi haƙuri, a zazzage aljihu."

"Ikon Allah! Yau kuma kwastan aka buɗe a gidan?"

Ta sami dabino uku da goro. Ya rantse nasa ne, na hanya. Ta riƙe dabinon ta ba shi goron. Muka yi dariya, amma Baba bai yi ba. Bayan Alhaji ya tafi ya kira ni, ya ce a hankali, "Uwata, ke ma kina zaton ina sata?" Na ce a'a. Ya ce, "To me ya sa kike duba ƙarƙashin matashina in kin zo gyara shimfiɗa?"

Ni kuma ta ɓangarena na bi duk abin da na iya bi. Na duba ranar lalacewar maganin, da saura. Na koma wurin majo ya sake kallon yadda nake ja, ya ce daidai ne. Na canza wurin huda. Har na yi zargin jabu aka sayar mana, na je wata farmasi na sayo sabuwar kwalba, na kai wa Ya Falmata ta ajiye. Babu abin da ya canza.

Sai ga Baffa Idi, ƙanen Baba, daga ƙauyen Gafati da ƙunshin sassaƙe a bayan babur.

"Yaya, allurar nan ba ta karɓe ka ba. Jinin gidanmu ba ya son ƙarfe. Ka zo gida, akwai mai magani, mutum nawa ya tayar."

"Baffa, lokotoro ta ce..."

"Ke ƴar lakol, ƴar boko, yi shiru. Wata nawa kuna bin lokotoro? Dubi yatsan nan."

Na duba. Yatsan ya yi baƙi. A ziyara ta gaba lokotoro ba ta ɓoye mana komai ba. Ta ce yatsan ya riga ya mutu, dole a cire. Ta ɗora yatsanta a ƙasan gwiwar Baba ta ce in suga bai sauka ba bayan aikin, nan za a zo. Baba ya daɗe yana kallon wurin da ta taɓa, sannan ya ce, "Da me zan taka keke?" A hanyar gida ya gaya mini in an cire yatsan zai bi Baffa Idi ƙauye, aƙalla can ba wanda zai ce masa ɓarawo.

Kafin mu fita daga ofis ɗin, lokotoro ta ce ranar da za a ɗibi jini kafin aiki mu zo da wuri, mu zo da kwalbar da sirinjin, tana so ta ga komai da idonta. Wannan ne ya sa na buga ƙofar Ya Falmata ana idar da sallar asuba, lokacin da ban taɓa zuwa ba.

"Kai, ƴata, yau kin yi sammako. Ban fito da ita ba tukuna. Zauna, yanzu zan narkar miki."

Ta buɗe konjilato, ta riƙa ɗebe ledojin ƙanƙara tana jibgewa a gefe, ta zura hannu har kafaɗa. Daga can ƙasa ta ɓamɓaro kwalbar, ta manne da ledar zoɓo. Abin da ke ciki ya daskare kamar dutse. Ta zuba ruwan ɗumi daga buta a kofi ta jefa ta ciki.

"Kullum haka nake yi," in ji ta tana murmushi. "Can ƙasa ne sanyi yake daɗewa in an ɗauke kuran. Sai in fito da ita da wuri in ɗan ɗumama ta, kada ta shiga jikin Malam da sanyi ta sa masa ciwon gaɓoɓi."

A labo, ɗakin gwajinmu na jami'a, malaminmu ya sha gargaɗin kada a daskarar da samfurin furotin a narkar a sake daskararwa, amma ban taɓa haɗa wannan da farar kwalbar da ake miƙo mini a faranti ba. Na yi mata godiya kamar kullum, na fito.

A asibiti na gaya wa lokotoro abin da na gani. Ta karɓi kwalbar, ta mirgina, ta ɗaga ta wajen taga. Sai ga ƴan ƙwayoyi farare sun manne a jikin gilashi kamar tsakin gero, sun ƙi gauraya. Na sha ganinsu, na ɗauka haka maganin yake, tunda dama mai gurɓi ne.

Ta zauna ta fuskanci Baba.

"Malam, kai tela ne, za ka fi kowa ganewa. Maganin nan zare ne. Gajerun zare biyu ne, an ɗinke su a wurare uku, an naɗe su wani irin naɗi. Jikinka naɗin yake ganewa. In ruwan ya zama ƙanƙara, sai ya matse zaruruwan wuri ɗaya, naɗin ya saki, kowanne ya kama na kusa da shi. In zare ya sarƙe a ƙarƙashin keke, yaya kake yi?"

"Yankewa ake yi a zubar."

"To wannan ma haka. Narkewa ba ta mayar da shi. Ruwa kawai ƴarka take ɗura maka, da ɗan abin da ya tsira." Ta ajiye kwalbar. "Na zarge ka da cin abin da aka hana ka. Ka yafe mini."

Baba ya juya ga Inna, wadda ta rufe fuska da mayafi.

"Innar yara, kin ji? A mayar wa Alhaji Bala dabinonsa."

Daga baya na koma littattafaina na karanta abin da kyau, don in iya yi wa mutanen gida bayani. Insulin furotin ne ƙarami, an jera shi da ƙananan tubala da ake kira amino asid, hamsin da ɗaya. Waɗansu tubalan suna son ruwa, waɗansu suna gudunsa. Naɗin nan yana ɓoye masu gudun ruwa a ciki. Da zarar ya saki sai su fito fili, su nemi irinsu a jikin maƙwabci su liƙe, shi ne dunƙulen da muka gani. Daskarewa tana yin haka, girgiza mai ƙarfi tana yi, zafi ma yana yi. Zafi har yakan sauya wasu tubalan a hankali, ko da ido bai ga komai ba. Shi ya sa ma ba a haɗiyarsa kamar ƙwaya: ciki zai yayyanka shi yadda yake yi wa nama. Ƙarfinsa duka a siffarsa yake, siffar kuwa tana son sanyi matsakaici, irin na ruwan randa ko ƙofar firigo.

Aka cire yatsan. Aka ba mu sabuwar kwalba, lokotoro ta rage yawan allurar sosai. Ta ce adadin da ta kai shi a baya na mataccen magani ne, in aka yi shi da mai rai zai iya kayar da mutum. Ta ce in ya fara gumi da rawar jiki a ba shi abu mai zaƙi nan take.

Saura maganar Ya Falmata. Inna ta ce kada a gaya mata, a ce kawai mun sami wani wuri. Baba ya ƙi.

"Tsohon nan na bayan masallaci ma wurinta yake ajiye tasa. Uwata, ke za ki je. Ki faɗa da ladabi, amma ki faɗa duka."

Na fi son a aike ni ko'ina ban da nan. Na same ta tana ƙulla zoɓo. Na gaishe ta har sau biyu kafin na iya farawa. Ta saurara, hannunta ya tsaya, sannan ta zauna daɓas a ƙasa.

"Wato ni ce nake cin ƙafar Malam safe da yamma?"

"A'a, Ya Falmata. Ba wanda ya gaya miki. Mu ma ba a gaya mana ba."

"Na kwashe kayan sayarwata na ba ta wuri mafi kyau, ƴata. Wallahi mafi kyau."

"Mun sani."

A ranar ta aika wa tsohon bayan masallaci, ƴaƴansa suka kai shi asibiti aka canza masa kwalba. Amma ta daina shigowa gidanmu. In ta hango Inna a famfo sai ta juya. Mu kuma muka sa kwalbar a gwangwani mai murfi muka jingina da randa.

Wata rana da hantsi, Baba bai ci abin kari sosai ba, sai na ga zufa tana keto masa, hannunsa yana karkarwa, maganarsa tana harɗewa. Na ce, "Inna, suga!" Inna ta shiga ɗaki ta fito, ta buɗe wannan kwano ta rufe wancan. Ta ɓoye sugan inda ita kanta ta manta. Sai ta ɗaga murya ta kan katanga:

"Falmata! Zoɓo! Mai zaƙi!"

Ya Falmata ta shigo da gudu babu takalmi, ta fasa ledar da haƙori, ta tallabi kan Baba da kanta. Bayan ɗan lokaci idonsa ya washe. Ya dube ta, ya lashi leɓe.

"Hajiya Falmata, ashe haka zoɓonki yake? Wata nawa ana hana ni."

Ta fashe da kuka da dariya a haɗe. Ta ce ya yafe mata. Ya ce abin da ya sani shi ne duk unguwar nan ita kaɗai ta tashi safe da yamma saboda shi, in akwai bashin yafiya, shi ake bi.

Ranar kasuwar Mirya, Ya Falmata ta dawo da tukwane biyu, babba da ƙarama. Muka sa ƙaramar cikin babbar, muka cika tsakaninsu da yashi, muna jiƙa shi, muka rufe da jiƙaƙƙen tsumma a inuwar zaure inda iska take bi. Lokotoro ta ce ya yi, muddin kwalba ɗaya muke saya a lokaci guda, kada ruwa ya taɓa bakinta, kuma kada ta wuce wata guda bayan an buɗe. Ko ranar da famfo ya ƙafe, kowa ya san kofin farko na tukunyar Baba ne.

Suga ya sauko ya zauna. Gyambon ya riƙa cikowa daga ƙasa, a hankali, har damina ta faɗi. Ranar da lokotoro ta ce ba za a ƙara yankan komai ba, Inna ta yi sujada a barandar asibiti, mutane suna tsallake ta.

Ƙorafina ɗaya ne, kuma ba da kowa nake ba. "A ajiye a sanyi" ba ta isa ba a garin da yawancin firigon da ke unguwa na masu ƙanƙara ne. Mai ba da magani ya ƙara da cewa kada ta daskare. Mai karɓa kuma ya je da kansa ya ga inda ake ajiye masa, ya ɗaga kwalbar a haske kafin ya ja. In ta taɓa daskarewa, ko an ga ƙwayoyi sun manne a gilashi, a mayar wa lokotoro. In magani yana aiki a asibiti ya ƙi a gida, a tambayi inda kwalba take kwana kafin a zargi majinyaci.

Godiyata kuwa ba ta ƙirguwa. Ga lokotoron da ta ce a kawo kwalba ta gani, ta kuma nemi gafarar tela a gaban iyalinsa. Ga majo da masu wankin ciwo. Ga Alhaji Bala da ya rarraba ɗinkin Sallah ga wasu teloli don kada masu kaya su yi fushi. Ga Baffa Idi, da ya koma da sassaƙensa ya dawo da buhun wake. Ga Ya Falmata. Allah ya saka wa kowa da alheri, ya ba marasa lafiya lafiya.

Bayan ruwa ya ɗauke na raka Baba shago, sanye da takalmi mai taushi da aka ce ya riƙa sawa. Ya kakkaɓe keken, ya ɗiga masa mai, ya zauna ya daɗe bai ɗora ƙafa ba. Maƙwabtan shago suka taru a ƙofa. Ya ɗauki wani guntun yadi, ya sa a ƙarƙashin allura, ya yi bisimilla ya taka. Keken ya yi gardama sau ɗaya, sannan ya kama gudu. Ya kai ƙarshen yadin, ya ɗaga layin ɗinkin ya duba, ya miƙa wa Alhaji Bala.

"Yaya ƙafar?" in ji Alhaji.

"Keken bai ƙirga yatsu ba," in ji Baba. "Uwata, miƙo mini almakashi."